Takalmin Birkin da Maigida Ya Kawo Min Tsaraba

Shekara huɗu na yi ina aiki a Alƙahira, kuma yawancin abin da ya same ni a can ya bi ruwa, sai in mai ɗakina ce ta tuno min. Amma maganar takalmin birkin nan ba zan manta da ita ba, ko da tsufa ya kwashe sauran. Ba wai an yi wani gagarumin haɗari ba ne. In ka ba Bamisire labarin, dariya zai yi ya ce irin wannan kullum ana yi a kan kowace gada. Abin da ya sa ya zauna min a rai daban ne, kuma zan faɗe shi yadda ya faru, har da wurin da ban fito da kyau ba.

Ni ƙaramin ma'aikaci ne a ofishin jakadanci, ɓangaren takardu. Muna zaune a wani bene a unguwar Muhandisin, ni da mai ɗakina da 'yarmu ɗaya da ke aji biyu na firamare. Mota ɗaya gare mu, tsohuwa amma lafiyayya, kuma gaskiyar magana ta mai ɗakina ce fiye da tawa, tunda ni da ƙafa nake zuwa ofis. Ita ke kai yarinya makaranta, ita ke shiga unguwar Ard al-Liwa cefane da gaishe da matan ɗaliban ƙasarmu. Wanda bai san Alƙahira ba ba zai gane girman wannan ba. Garin da layin mota uku ke ɗaukar mota biyar, kowa kuma da hon yake magana. Shekara guda matar nan ta yi tana koyo, tana dawowa gida sharkaf da gumi, har ranar da ta kutsa tsakanin bas biyu, ta haɗa yatsu ta taga irin yadda suke yi, ta ce wa direba ya dakata, ya kuma dakata. Sau uku ta ba ni labarin nan a rana ɗaya. Kafin ta iya, a ɗaki take yini sai ranar da na samu sararin fita da ita.

Ni kuma ina da tawa lalurar. Can bayan gari, a hanyar hamada, akwai wani filin tseren mota da ake buɗe wa kowa wasu Juma'o'in da safe. Ka zo da motarka ta gida, ka sa hular kwano, ka zagaya iya ƙarfinka, ba ka tsere da kowa, a tashi kafin lokacin masallaci. Kallo aka kai ni sau ɗaya, shi ke nan na kamu. Mai ɗakina ba ta so, amma ba ta hana ba. Sharaɗi ɗaya ta kafa min. "Malam, motar da na ba ka ranar Juma'a, ita za ka dawo min da ita ranar Lahadi. Kada a taɓa min komai a cikinta ban sani ba." Lahadi ce farkon mako a can, ranar ake komawa makaranta. Na ce na ji na yarda.

A zuwana na uku birki ya ba ni tsoro. Bayan zagaye biyar ko shida na taka shi a ƙarshen doguwar miƙa, ƙafata tana dannawa da ƙarfinta amma motar ta ƙi rage gudu yadda ta saba, ga wani ƙauri ya cika min hanci. Da ƙyar na sha kwanar. Wani Bamisire mai koyar da sababbi a filin ya leƙa ƙafar motar ya ce takalmin birkina ne ya dahu. Ga wanda bai sani ba, takalmin birki wasu 'yan guntaye ne biyu da ke matse faifan ƙarfe a bayan taya in ka taka. Nawa na gida ne, an yi su don danja da cunkoso, zafin fili ya fi ƙarfinsu.

Sai na kai motar wurin makanikena a unguwar Arba wa Nus. Dattijo ne, Bahaushen Sudan, kakanninsa da ƙafa suka baro ƙasar Hausa za su hajji, shi kuma rayuwa ta gangaro da shi Masar. Kowa Usta yake ce masa, wato gwanin sana'a. Hausarsa tsohuwa ce, gauraye da Larabcin Sudan, wani lokaci sai ya faɗi kalmar da rabona da jin ta tun bakin kakata. Yana da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi a lokacin. Duk abin da ka ce ya lalace, ba shi yake fara dubawa ba. Sai ya tsuguna ya shafa taya da tafin hannunsa, kamar mai sayen rago.

"Baba, birki na ce maka, ba taya ba," na ce.

"Na ji ka, ya zol," ya ce, yadda 'yan Sudan ke kiran mutum, bai ɗago ba. "Birki ba ya tsayar da mota. Taya yake tsayarwa, ita kuma ta tsayar da mota. Tayar nan taka ta kai yara makaranta ce."

Ya zaunar da ni a kan wata tsohuwar kujerar mota, aka kawo shayi, ya yi min bayani. Ya ce akwai takalmi na gida, yana kamawa tun da sanyi amma ba ya jure zafi. Akwai na 'yan tsere na gaske, wanda ba ya farkawa sai ya yi zafi, in ya farka kuma sai ya damƙe faifai da ƙarfin da tayar gida ba za ta iya ɗauka ba, ta ƙulle tana jan ƙasa, musamman a irin motata da ba ta da na'urar hana taya ƙullewa. Sannan akwai na tsakiya, mai jure zafi daidai gwargwado, mai kuma kamawa da safe. Ya ce shi ya dace da ni, a haɗa da sabon man birki mai jure zafi, khalas, shi ke nan. Sai dai babu shi a kusa, zai sa a nemo, in ba shi mako biyu. Na ce tamam.

A cikin mako biyun nan ne maigida ya shigo maganar. Babban jami'i ne a ofishinmu, amma a wurina ya wuce haka. Abokin mahaifina ne, shi ya fara isowa gidanmu ranar da mahaifin ya rasu, shi kuma ya tsaya tsayin daka har aka turo ni Masar. Ban taɓa zama a kujera a gabansa ba sai ya ce in zauna. Ya san da wasan motata, yana ma tsokanata da shi, kuma bakina ne ya ja min, don na taɓa ba shi labarin yadda birki ya dahu. Ya yi tafiya Turai wani taro, ranar da ya dawo ya kira ni ofishinsa ya turo min wani jan kwali mai nauyi.

"Ga tsarabarka. Sai da na sa aka zagaya da ni shago uku. Na ce wa mutumin ya ba ni wanda ya fi kowanne ƙarfi, irin na 'yan tsere na gaske, kada ɗana ya ƙara jin tsoro." Yana ta murmushi. "Juma'ar nan zan zo da kaina in gani."

Na juya kwalin, na karanta, na san ko mene ne tun kafin in gama. Na durƙusa na yi godiya har sau uku. Mutum mai furfura ya bi shago uku a cikin sanyin ƙasar wasu saboda kai, da wane baki za ka ce masa abin da ya kawo bai dace ba? Haka na gaya wa kaina a lokacin. Yanzu na san rabinsa kara ce, rabin kuma ni ma ina son in ji yadda abin yake a ƙafata.

Ranar Alhamis da la'asar na kai wa Usta kwalin. Ya buɗe, ya duba, ya rufe, ya miƙo min. Na ƙi karɓa. Na yi masa bayanin maigida, na ce rana ɗaya ce kawai. Ya sake buɗe kwalin.

"Mu ma muna da kunyar manya," ya ce, "amma ƙarfe ba shi da ita. Tayyib, zan sa maka. Asabar ka dawo in cire, naka na tsakiya sun iso. Kafin nan kada ka ba kowa motar nan, balle da safe. Ka ji ni?"

Na ce na ji. A hanyar komawa gida na tabbatar da maganarsa. Takun farko sai da na danna da ƙarfi kafin motar ta kula ni, ga wani ƙara ƙiii da take yi a kowace danja har mutane na waiwaye. Na ajiye ta a ƙasan bene na hau sama na ci tuwo, ban ce wa mai ɗakina komai ba. Lissafina shi ne kafin Lahadi an cire, abin da ba ta sani ba ba zai dame ta ba.

Juma'a maigida ya zo da babbar riga da hular sanyi, ya tsaya a bakin shinge. Zagaye biyun farko birkin kamar katako. A na uku ya yi zafi, ya farka, sai na ji abin da ban taɓa ji ba, ɗan taɓawa kaɗan motar ta sunkuya. Daɗi ya ɗebe ni. A zagaye na biyar na jinkirta takawa a ƙarshen miƙa, na danna, tayoyin gaba suka ƙulle. Sitiyari ya zama banza a hannuna, ina juyawa motar tana tafiya gaba abinta, har ta sauka cikin yashi ta tsaya. Ba abin da ya same ni. Bamisiren nan mai koyarwa ya zo ya tsuguna ya shafa tayar, kamar Usta ya aiko shi, ya nuna min inda ta cinye ta yi faƙo, ya ce birkina ya fi tayata ƙarfi. Da na fito, maigida ya tare ni yana dariya.

"Ka ga birki ko? Har hayaƙi na ga tayar tana yi."

"Ranka ya daɗe, ai ba a magana," na ce.

Asabar da zan tafi Arba wa Nus, maigida ya aiko a ce in zo mu ci abincin rana, yana son ya nuna wa baƙinsa hoton da ya ɗauka a waya. Aka ci, aka sha shayi, aka yi la'asar, aka sake sabon shayi. Ba a tashi a gaban maigida yana tsakiyar labari. Kafin in fito Usta ya rufe gareji. A nan ne ya kamata in faɗa wa mai ɗakina, jimla ɗaya ce, ku hau tasi gobe. Amma in na faɗa sai ta tambayi dalili, dalilin kuma shi ne na karya sharaɗinta tun Alhamis. Na ce a raina makarantar ba nisa, ita kuma ba gudu take yi ba.

Lahadin ta zo da sanyin tsakiyar hunturu, ga hazon safiya da suke kira shabbura. Ina ofis ban ko gama buɗe fayil na farko ba waya ta shigo. Muryarta ce, a daidaice, ta ce in zo gindin gada. Na tarar da su a gefen titi. Wata ƙaramar bas ce ta tsaya kwatsam ɗaukar fasinja, yadda suka saba, ita kuma ta shige mata ta baya. Fitila ɗaya ta fashe, gaban motar ya lotse. Yarinya ta bugi bayan kujera, leɓenta ya fashe, wata tsohuwa mai sayar da burodi tana goge mata da gefen mayafi. Jama'a na ta cewa ma'alish, wato a yi haƙuri, Allah ya tsare. Direban bas ɗin kuwa yana ta ɗaga hannu yana faɗa wa duk mai ji cewa ga abin da ake samu in an ba mace sitiyari. Na so in shaƙe shi, wallahi, alhali na san wanda ya fi cancanta a shaƙe.

Da muka isa gida ta ɗora makullin a kan firji.

"Na ga bas ɗin, Malam," ta ce. "Na gan shi da wuri, na kuma taka. Ban san me ya samu ƙafata ba. Da mutum ne ya gitta fa?"

Na ce ƙaddara ce, kowa yana yi. Abin da na ce ke nan.

Washegari na kai wa Usta motar. Ya dubi gabanta, ya dube ni. Ya cire takalman, ya goge su, ya mayar cikin jan kwalinsu, ya sa na tsakiyan. Sai da zan tafi ya ce, "Ka gaya wa Hajiya?" Na ce zan gaya mata. Ya ce, "Kwais," wato ya yi kyau, ya koma ƙarƙashin wata mota.

Mako uku ban faɗa ba. Motar ta dawo tsaf, tana ƙasan bene tana shan ƙura, makulli yana kan firji. Kullum da safe ina hango su ta taga, ita da yarinya, a tsaye cikin sanyi suna tsayar da tasi. Ta daina zuwa Ard al-Liwa, cefane ya koma hannuna. Na yi ta lallashinta ta koma tuƙi, tana cewa ba za ta ɗauki ran yarinya a ƙafar da ba ta yarda da ita ba. Wata rana na dawo na tarar ta je an gwada idonta, likita ya ce lafiya lau, ita kuma maimakon ta yi murna sai ta ƙara damuwa, wai in ba ido ba ne to kanta ne ke nan. Na ji kunya ranar, kunya mai tsanani, amma kullum da ta wuce maganar sai ta ƙara nauyi a bakina.

Maigida bai ji labari da wuri ba, don na ɓoye masa. Da ya ji sai ya zo jaje da kansa wata Asabar da hantsi, da ledar lemo. Mai ɗakina ta gaishe shi a durƙushe, ta kawo shayi, ta zauna can gefe a ƙasa. Ya yi addu'a, ya shafa kan yarinya, sannan ya juya gare ta don ya kwantar mata da hankali.

"'Yata, ki gode wa Allah. Ba don sabon birkin nan da na kawo wa mijinki yana cikin motar ba, da abin ya fi haka. Wannan birki ne na 'yan tsere."

Na zaci za ta kalle ni. Ba ta kalle ni ba. Hannunta ta kalla, ta ce a hankali, "Ashe ma sabon birki ne a ciki. To ka ji, Baba, da mai kyaun ma na kasa."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na sauko daga kujera na zauna a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Birkin ne ya jawo. Ba ya kamawa sai ya yi zafi, ita kuma da sanyin safiya ta fita. Makanike ya gargaɗe ni kada in ba kowa motar. Na sani tun ranar da ka ba ni kwalin cewa bai dace da tayata ba. Ƙafarta ba ta yi laifin komai ba."

Ina jiran maigida ya ji haushin an kushe masa tsaraba. Ya ajiye kofinsa.

"Kai da ka sani, me ya sa ka saka?" ya ce. "Ni takarda na sani, ban san mota ba. Da ka ce min bai dace ba, ai sai in ce to, a ajiye. Kana ganin kwali ya fi min jikata?" Ya juya wurinta ya ce, "Ki yafe min, 'yata, da hannuna a ciki ban sani ba." Ya miƙe, na raka shi mota.

Da na dawo tana wanke kofuna. Na tsaya a bakin ƙofar kicin na fara jero ban haƙuri. Ta bar ni na gama.

"Birkin ba komai ba ne, Malam," ta ce, ba ta juyo ba. "Kuskure ne, ana yi. Amma kana kallona na je an haska min ido. Mako uku kana ji ina zagin ƙafata, kana cewa ƙaddara."

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Da ta yi ɗaya daga ciki da na fi samun sauƙi.

Bayan kwana biyu ta sauko da makullin daga kan firji ta ce in shiga, ita za ta ja. Ba ta tambaye ni hanya ba sai da muka kusa, har Arba wa Nus ta kai mu. Ta gaishe da Usta, ta ce, "Baba, nuna min abin da ke cikin ƙafar motar nan." Ya cire taya ɗaya, ya tsuguna, ita ma ta tattare mayafi ta tsuguna. Ya nuna mata takalmin da faifan, ya sa ta shafa tayar da tafin hannunta, ya yi mata irin bayanin da ya yi min, kalma da kalma. Ina tsaye a gefe riƙe da jakarta. Ta karɓi lambarsa ta sa a wayarta.

Ta koma tuƙi daga ranar, ni ma na ci gaba da zuwa fili jefi-jefi da takalman tsakiyan, ba su taɓa ba ni kunya ba har muka baro ƙasar. Jan kwalin yana nan a kabad ɗina, na rasa yadda zan yi da shi. Yanzu yarinyar tana jami'a, tabon leɓenta sai ka matso za ka gani. Mun yi motoci uku tun daga lokacin, muna zaune lafiya, tana tambayata shawara a kan komai, makarantar yara, gini, rikicin dangi. Amma in ta ji wani ƙara a mota, ina zaune a gefenta za ta ɗauki waya ta kira makanike. Ba ta taɓa tambayata ba, ni kuma ban taɓa cewa don me ba.

Abin da na koya, na mota ɗan kaɗan ne, kada ka zaɓi birkin da ya fi ƙarfin tayarka. Babban shi ne kara. Na ɗauka mutunci nake yi wa babba, ashe shi bai ma nema ba, kuma ba ni na ɗauki nauyinta ba, wadda ta amince min ce ta ɗauka. Tun daga nan, in kunya ta kama bakina a gaban wani, nakan tsaya in tambayi kaina wa zai hau motar gobe da safe.